Kwana Biyu Ina Neman Wuta Tsakanin Sheme da 'Yankara

Tun da na dawo daga Sabuwa ba a bar ni na huta ba. A makarantar da nake koyarwa a tambaye ni, a majalisarmu ta bakin kasuwar Ƙanƙara a tambaye ni: "Malam Lawal, yaya hanya? An ce motar ta gwada maka halinta." Wasu don kulawa suke tambaya, wasu don su samu abin dariya, kuma na san kowa da inda ya dosa. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in yi shiru.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni. Ina da wa guda ɗaya, Malam Isiyaku, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shi aka ba allo, ni aka kai boko. Shekara shida da suka wuce, ranar sadakar bakwai ta mahaifinmu, na buɗe baki a gaban jama'a na ce da an kai Baba asibiti maimakon a yi ta ɗura masa rubutu ana rataya masa layu, da wataƙila yana nan. Na ce aikin Yaya tsibbu ne. Kafin a yi arba'in ya kwashe iyalinsa ya koma Sabuwa, tun daga ranar kuma ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba.

Bana Allah ya ba shi kujerar Makka. Ya aiko wani ɗan kasuwa da saƙo, mutumin bai same ni a gida ba, sai ya bar wa mai ɗakina Hajara. Saƙon gajere ne: motar maniyyata za ta ɗauke su ranar Alhamis da hantsi, in zo mu yafi juna kafin ya tafi. Yaya ya manyanta, ƙirji kuma ya daɗe yana damunsa. Kowa ya san ba duk wanda ya tafi ne yake dawowa ba.

Shekarar nan ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ruɗe. Mai sayen rediyo ya saya, mai sayen babur ya saya. Ni na sayi mota, ba sabuwa fil ba, ta yi hannu ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, ina son yafiyar, amma ina kuma son in tsaya a ƙofar gidan Yaya a cikin motata, maƙwabtansa su fito su ga abin da boko ya yi.

Ranar Talata da safe na buɗe bonet na duba ruwa da baƙin mai, kamar yadda wanda ya sayar mini ya koya mini. Na bar shi a buɗe a tsakar gida na fita yin sallama da hedimasta. Da na dawo na tarar Hajara ta ƙulla mini dambu a kwano, tana tsaye nesa da motar tana goge hannu da gefen zane.

"Allah shi tsare hanya, Malam," in ji ta. "Ko mi Yaya ya ce maka, ka yi haƙuri."

Hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme kun san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Gargada ce tun daga farko har ƙarshe, ga manyan motocin siminti sun ƙara farfasa ta. Motar ta yi ta jijjiga har haƙorana suna haɗuwa. Ina hango kwalta a Sheme, ina cewa alhamdu lillahi, sai injin ya mutu kamar an hure fitila. Babu tari, babu gargaɗi. Na murɗa makulli, ta yi ta gurnani, ta ƙi tashi.

Mutanen Sheme, Allah ya saka musu, ba sa ganin mota a tsaye su wuce. Kafin in fito an kewaye ni. Aka ce a tura. Muka tura ta gabas, muka tura ta yamma, har aka kira azahar. Mai gyaran keke ya zo ya ce mai ne ba ya zuwa, ya zuƙi fetur da baki ya tofar, ga mai nan yana zuwa sarai. Mai gyaran rediyo ya zo ya kankare kan batir ya tafi. Wata tsohuwa mai fura ta ce tsamiyar nan da na tsaya a gindinta ta saba kashe injuna, in yi sadaka in gani. Na yi mata irin dariyar da 'yan boko suke yi, wadda yanzu in na tuna nake jin kunya.

Da la'asar wani direban tifa ya tsaya, ƙato mai suna Ɗanjuma. Ya zare wayar filogi ɗaya ya damƙa mini.

"Riƙe nan, Malam. Kak ka saki."

Ya shiga ya murɗa makulli. Ya leƙo ya ce, "Ta ja ka?"

Na ce, "A'a."

"To motarka ba wuta."

A duk abin da aka faɗa ranar, wannan ce kaɗai gaskiya. Sai dai daga nan shi ma ya shiga lalube. Ya ce kwayil ne ya ƙone, wato gwangwanin nan da ke haɗa wutar da filogi yake tartsatsi da ita. Ya ɗauko wani tsoho a akwatin kayan aikinsa ya jona, shiru. Ya mayar mini da nawa, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai Baba Tanko na 'Yankara. Ya ja tifarsa ya bar ni da baƙin mai har gwiwar hannu.

Wani dattijo, Malam Mani, shi ya sauke ni a zaurensa. Na lura mutanen Sheme ba sa tambayar baƙo inda za shi sai ya ci ya wanke hannu. Mu a Ƙanƙara kafin mutum ya ajiye kayansa mun san sunan kakansa. Aka kawo tuwon dawa da miyar karkashi, na ci ba don ina jin daɗinsa ba. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya ce in bar motar a ƙofar gidansa, in hau ta haya da safe zuwa Funtuwa, daga can in bi ta Dandume, kafin la'asar ina Sabuwa.

Na ce ba zan iya barin mota a bakin hanya ba.

Ya dube ni ya ce, "Malam, shi ɗan'uwan naka, kai shika son gani ko motar?"

Na ce masa ai akwai lokaci, yau Talata ce kawai.

Laraba da hantsi muka samu wata motar auduga ta yarda ta ja ni zuwa 'Yankara. Igiyar ta tsinke sau biyu. A karo na biyu direban bai ma lura ba, ya yi gaba abinsa, sai da wani mai babur ya bi shi ya dawo da shi. Muka isa rumfar Baba Tanko, aka ce ya tafi wani ƙauye gyaran injin niƙa, yanzu zai dawo. Ku kiyayi "yanzu" ta mutanen 'Yankara. Na zauna a kan wata tsohuwar taya tun kafin azahar, na cinye dambun Hajara, na sayi rogo da ƙuli, na ƙirga motocin da ke wucewa Funtuwa har na daina. Kowace ta wuce sai zuciyata ta ce tashi ka hau, sai in dubi motata in koma in zauna.

Sai da rana ta yi sanyi ya iso a kan keke. Tsoho ne siriri, da farin gemu da tabarau ɗaure da zare. An ce ya yi aikin manyan motoci a wurin soja, shi dai bai faɗa ba. Na tare shi tun bai jingine keken ba, na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Aikin wuta ido shika so, ɗana, ni kuwa nawa in rana ta faɗi sun tashi aiki. Sai da sahe."

Na roƙe shi. Ya ce in ya taɓa ta yanzu ɓarna zai ƙara mini. A gidansa na kwana, in dai abin da na yi za a kira shi kwana.

Alhamis gari na wayewa muka fito. A nan na ga bambancin mai sani da mai lalube. Bai kwance komai ba tukuna. Ya ciro wani ƙwan fitila daga aljihu, mai waya biyu a jiki, ya ce, "Wuta hanya gare ta kamar ruwa. Ba a tambayar inda ta ɓace, bin ta a kai tun daga mahwari har a ga inda ta tsaya."

Ya sa na murɗa makulli, ya kusantar da wayar filogi jikin injin. Babu tartsatsi. Ya zare babbar wayar da ta fito daga tsakiyar kwayil ya gwada ta haka nan. Babu.

"To ba filogi ba ne, kuma ba wayoyinsu ba. Mu koma baya."

Ya ɗora ƙwan a gefen kwayil inda wuta ke shiga daga batir. Ƙwan ya kama.

"Ta iso nan lahiya."

Ya mayar da shi ɗaya gefen, inda wata siririyar waya ta fita zuwa distiributa, abin da ke raba wa filogai wuta. Ya ce in na murɗa, ƙwan ya kamata ya riƙa kamawa yana mutuwa, kamar mai ƙifta ido. Na murɗa. Ƙwan ko motsi. Ya buɗe kan distiributa ya duba 'yan ƙarafan nan biyu da suke buɗewa suna rufewa, waɗanda suke kira kontak. Suna aikinsu daidai. Ya cire siririyar wayar daga jikin distiributa ya sake gwadawa, har yanzu duhu. Sai ya cire ta daga jikin kwayil, nan take ƙwan ya haska.

"Ka gani? Kwayil ɗinka lahiya lau shike. Wayag ga ce ke zubar da wuta a jikin mota tun ba ta kai inda aka aike ta ba."

Ya bi wayar da yatsa a hankali, ya zura hannu can ƙasan kwayil inda ido ba ya kai. Na ga ya tsaya. Ya ce in miƙo masa filaya. Ya ɗan yi kici-kici, sannan ya zaro hannunsa. A tafinsa akwai laya, 'yar ƙarama, ɗinkin jar fata, an naɗe ta da wayar ƙarfe tsirara. An ɗaure ta ne a jikin siririyar wayar aka haɗa da wani ƙarfen mota. Gargadar hanya ta sa wayar ƙarfen ta yi ta cin robar har ta kai ga tagulla.

Nan take na tuna bonet a buɗe, da Hajara tana goge hannu. Kwana biyu! Turi, da ja da igiya, da kwanan zaure, duk saboda wannan. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ɗauka wurin wani malamin unguwarmu ta karɓo. Na fizge layar daga hannunsa na yi jifa da ita cikin gonar dawa da ke bayan rumfar, na ce, "Abin da ya hana mu ci gaba ke nan a ƙasar nan!"

Baba Tanko ya koma kan aikinsa. Ya naɗe wurin da ya goge, ya mayar da waya, ya ce in murɗa. Bugu ɗaya ta tashi.

Ya ce in koma ta kwalta in bi Funtuwa da Dandume. Amma akwai wani Alhaji Bawa, dillalin shanu, da ke zaune yana jiran motar Faskari, ya rantse mini cewa ta garinsu yanke ne, kafin azahar ina Sabuwa. Na ji abin da nake son ji, na ɗauke shi. Na kuma ƙarfafa kaina da cewa motar maniyyata ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba.

A Faskari Alhaji Bawa ya ce ba zan wuce ƙofar gidansa ban sha ruwa ba. Ruwan Faskari kuwa fura ce da nono a ƙwarya, kuma sai an dama a gabanka, sai maigida ya ga ƙasan ƙwaryar sannan a sallame ka. Na sha ina duban agogo. Daga nan hanyar ta zama ta shanu. Babu wata iyaka mai shinge da na ƙetare a tafiyar nan, sai wani rafi da ya janye ya bar yashi, wanda aka ce daga shi an fita ƙasar Faskari. A tsakiyarsa tayoyina suka nutse. Wasu Fulani makiyaya su huɗu suka ajiye sandunansu suka ciccibo ni, suna yi suna dariyar takalmina. Can gaba na fara ganin gonakin rake, da doki yana zagaya injin matse shi ana dafa mazarƙwaila, abin da mu sai dai mu gan ta a faifai a kasuwa. A wani lokacin da na tsaya kallo. Ranar ko juyawa ban yi ba.

Bayan la'asar na shiga Sabuwa. Ba sai na yi tambaya da yawa ba, gidan da aka share ƙofarsa aka shimfiɗa tabarmi shi ne. Tabarmin suna nan, mutanen sun watse. Babu maƙwabcin da ya fito kallon motata.

Matar Yaya, wadda muke kira Yaya Abu, ita ta karɓe ni a tsakar gida. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Muka gaisa, ta kawo ruwa, sannan ta ce, "Ya tahi, Lawal."

Ta ce motar ta zo da hantsi kamar yadda aka faɗa. Yaya ya zauna a kan akwatinsa a ƙofar gida ya ƙi hawa, yana ba direba haƙuri, yana duban hanya, har sauran maniyyata suka fara gunaguni. Sai da aka yi azahar liman ya kama hannunsa ya sa shi a mota. Ta Dandume suka bi. Da na ji maganar Baba Tanko, da mun yi kiciɓis a hanya.

"Ya bar maka saƙo," in ji ta. "Ya ce ya yahe maka duniya da lahira. Ya kuma ce in ka zo in tambaye ka layar da ya aiko. Ya ce ya san bakinka da nauyi, ba sai ka ce komi ba. In dai ka yarda ka rataya ta a motarka, to kai ma ka yahe mashi."

Na ce, "Wace laya, Yaya?"

"'Yar ƙarama, jar hwata. Shi ya rubuta, shi ya ɗinke da hannunshi, ga idon ba shi gani sosai, allura ta yi ta sukar shi. Ba ta iso ba?"

Na ajiye ƙwaryar ruwan da ke hannuna. Na ce, "Ta iso."

Ta ce alhamdu lillahi, har da hawaye. Aka kawo mini tuwon masara, irin nasu na can mai laushi, na ɗan taɓa na rufe kwanon.

Juma'a da sassafe na bi ta Dandume zuwa Funtuwa. A tasha na gamu da wani da ya raka su Yaya yana dawowa. Ya ce ba a tsaya da su ba, Kano aka wuce kai tsaye, kuma suna cikin jirgin farko. Na zauna a mota na kifa kai a sitiyari. Gajiya ce irin wadda barci ba ya maganinta.

Da na zo Sheme ban karya ta Ƙanƙara ba, na miƙe 'Yankara. Ban ko yi wa Baba Tanko sallama ba, na faɗa gonar dawar nan da riga da hula, ina bin kunya ɗaya bayan ɗaya ina tona ganye. Ƙaiƙayi ya cika mini wuya. Na fi sa'a guda a ciki. Da na fito hannu wofi, na same shi zaune a kan taya yana kallona. Ya cire hularsa, ya zaro layar daga cikinta.

"Kana tahiya na shiga na ɗauko ta," ya ce. "Ba a barin sunan Allah a ƙasa. Kuma ni a aikina ban ga laihin rubutu ba. Waya ce ta ci waya."

Ya tsinko zaren auduga, ya ɗaure mini ita a jikin madubi, inda babu abin da za ta goga.

Da na iso gida Hajara ta ga layar tana lilo tun kafin in kashe mota. Ta durƙusa ta ce ɗan aiken ne ya kawo ta tare da saƙon, ta san in ta ba ni ba zan karɓa ba, shi ya sa ta ɓoye ta inda ba zan gani ba, ta ɗaure da wayar da ta warware daga akurkin kaji don kada ta faɗi. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na rasa wanda zan yi wa. Gaskiya ta faɗa, da ta ba ni da ban karɓa ba.

To, ga labarin tafiyata, ku masu tambaya. Na ji ana cewa Malam Lawal ɗan boko ya koma rataya laya, har wani a majalisa ya tambaye ni ko tana ƙara wa mota gudu. Ku yi dariyarku, ba ni da ƙarfin musu. Har yau ban ce laya tana tsare hanya ba. An ce alhazai sun fara dawowa, na Sabuwa ba a ji duriyarsu ba tukuna, kuma babu wanda ya iya gaya mini yadda ƙirjinsa ya yi da tafiyar. Na cika tanki, na roƙi hedimasta izini tun yanzu. Ranar da aka ce suna hanya, tun jajibiri zan kwana a ƙofar gidan Yaya. Ba na roƙon Allah komai a kwanakin nan sai Yaya ya sauko daga mota da ƙafarsa, ya ga layar a rataye da idonsa.